Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan waƙoƙin da kuka naɗa a ɗaki

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokanka, da karatu. Mu nan Daura sai godiyar Allah.

Waƙoƙin da ka turo daga Katsina sun iso. Kalangun ya yi daɗi, 'yan amshi ma sun zauna daidai, amma kiɗan ya danne mai waƙar, rabin maganarsa ba ta fita. Ka san na yi shekaru a ɗakin sauti na gidan rediyo, tun ana yanka zaren faifai da reza ana liƙewa, don haka ka saurare ni da kyau.

Bahaushe in ya kunna waƙa, magana yake fara nema. In ka zauna haɗa sautin, ka sauke komai ƙasa, ka ɗaga muryar ita kaɗai, sannan ka shigo da kalangu, da ganga, da jita, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya rufe kalma, ka mayar da shi baya. Mai jita zai ce ba a jin sa, mai piyano ma haka, kowa nasa yake nema. Ka ba su haƙuri, amma kada ka biye musu.

Yawancin matsalar ma tun wajen naɗa take. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da murya, makirfo kuwa ba ya zaɓe. Ku jingina katifa a bango, ku rataya barguna bayan mai waƙa, ku kashe fanka ko da zufa za ta jiƙa ku. Bakinsa ya yi nisan taƙi ɗaya da makirfo. Ku jira janareton maƙwabta ya yi shiru, domin gurnaninsa in ya shiga faifai, fitar da shi sai an taɓa muryar. Kuma kada alamar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar naɗa ta kai ga ja. Ka bar ƙololuwarta wajen desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) ƙasa da sifiri. Sautin da ya fashe wajen naɗa, da wuya manhaja ta ɗinke shi ya koma daidai.

A wajen ikwalaiza, wato abin daidaita kauri da sirantar sauti, ka fi yawan ragewa a kan ƙarawa. Yanke abin da ke ƙasa da Hz 80 (ma'aunin kauri da sirantar sauti) a muryar, babu komai can sai rugugi. In haɗin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, duba tsakanin Hz 200 da 400, nan kayan kiɗa suke cunkushewa, ka ɗan rage a jita da piyano. Kalangu kuwa ka yi masa a hankali. Makaɗi yana matse tsirkiyarsa a hammata yana saki, sautin na hawa yana sauka, wani bugun da ƙarfi wani a sanyaye. In ka danne shi da kwamfuresa, abin da ke rage tazara tsakanin bugu mai ƙarfi da mai sanyi, har komai ya zo ɗaya, ka kashe hannun makaɗin. Eko, wato amsa-kuwwa, ma ya yi muku yawa. Ka sa shi har ka fara jin sa, sannan ka ɗan ja baya.

Gyaran ƙarshe, wanda kuke kira mastarin, kada ka yi shi ranar da ka gama haɗi. Ka fitar da waƙar a WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka bar ta ta kwana, kunne ya huta. Kada ka shiga tseren ƙara: Spotify da YouTube suna daidaita waƙoƙi wajen LUFS 14 (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya) ƙasa da sifiri, wadda ƙararta ta wuce haka sauke ta suke yi. Ka tsayar da limita, mai hana sauti wuce iyaka, a desibel 1 ƙasa da sifiri. Bayan nan ka ji ta a lasifikar wayarka, da ƙaramar lasifikar mai shayi, da cikin Keke Napep in direba ya yarda, tunda a nan mutanenmu za su ji ta. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura ta a matsayin dokumen don kada a matse ta.

Kada ka sa manhajar sata a kwamfutarka. Audacity kyauta ce, Reaper kuma ana gwada ta kwana 60, ko wacce za ta ishe ka koyo.

Abin da ya fi damuna shi ne kunnenka. Na san ka da ƙure ƙarar hedifon. Sautin da ya kai desibel 85, in aka daɗe a cikinsa awa 8 kullum, yana cin ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka yi aiki a ƙarar da za ka iya jin mai yi maka magana, ka riƙa tashi kana hutawa, lokacin salla ma hutu ne.

Kafin ku saki komai, ku zauna ku rubuta sunan kowa da abin da ya yi, har da 'yan amshi, da yadda za a raba in Allah ya kawo wani abu. Ku yi wannan yanzu da ake shiri.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka