Amsa ga mai tambaya kan 'ya'yan baƙi a siyasar Birtaniya

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa jiga-jigan jam'iyyar Conservative suke ji da 'ya'yan baƙi waɗanda suka kai matsayi da guminsu, alhali magoya bayan Nigel Farage na jam'iyyar Reform ba su cika ɗokinsu ba.

A ganina, mutum irin Sajid Javid hujja ce a hannun dattawan jam'iyyar. Mahaifinsa ya zo daga Pakistan ya yi tuƙin bas, amma ɗan ya zama ministan cikin gida a 2018, ya kuma riƙe ma'aikatar kuɗi a 2019. Tun zamanin Firaminista Margaret Thatcher, wadda ita ma 'yar mai kanti ce, aƙidarsu ita ce kasuwa da makaranta a buɗe suke ga duk wanda ya dage, don haka idan ɗan direba ya ɗaukaka, sai su nuna wa abokan hamayyarsu 'yan jam'iyyar Labour shi, su ce tsarin ƙasar ba ya danne kowa. David Cameron, shugaban jam'iyyar a lokacin, ya san amfanin wannan hujja, shi ya sa a 2006 ya ware jerin 'yan takara na musamman domin ƙara yawan mata da 'yan tsiraru. Kemi Badenoch, wadda ta girma a Legas, ta koma Ingila tana shekara 16, ta yi aiki a McDonald's, ita ta karɓi shugabancin jam'iyyar a Nuwamban 2024, kuma kaɗan ne suka kai ta musanta cewa wariya ta yi wa hukumomin ƙasar katutu.

Shi kuwa mai zaɓen Reform, musamman a garuruwan da masana'antu suka durƙushe, tun farko bai yarda tsarin yana da adalci ba, kuma yawan masu shigowa ƙasar ne damuwarsa. Javid ya bi ta bankin Deutsche, tsohon Firaminista Rishi Sunak ya bi ta makarantar Winchester da bankin Goldman Sachs, saboda haka a idonsa duk manyan Landan ne da suka manta da shi. Akwai kuma ƙyamar launin fata, domin a zaɓen 2024 an naɗi wani mai yi wa Reform kamfen a Clacton, mazaɓar da Farage ya tsaya takara, yana zagin Sunak da asalinsa.

Duk da haka, a shekarar ce Reform ta naɗa Zia Yusuf, Musulmi ɗan asalin Sri Lanka, ciyaman na jam'iyya a ƙarƙashin jagorancin Farage, domin shi ma maganar tsuke kan iyaka yake yi.

Wassalam.