Maganar IT ɗinka

Assalamu alaikum ɗana, ya karatu ya sanyin Samaru? Mamanka ta ce min wai so kake a sama maka wani ofis a sakatariya inda za ka riƙa leƙawa kana sa hannu a logbuk har wata shidan IT, wato koyon aiki a aikace da makaranta ke tura ku, su wuce. To ni dai ban yarda ba, kuma tunda a waya ba ka tsayawa ka ji ni shi ya sa na rubuto.

Kwali yanzu kowa na da shi. Ka duba layinmu kawai, masu digiri nawa ne ke jan adaidaita, ba wai aibu ba ne neman halal, amma a gefe guda masu kamfani na ta kukan ba su samun yaron da ya iya aiki, sai sun ɗauko wani daga Legas ko ma Indiya ya zo ya riƙe musu inji, albashin kuma can yake tafiya ba a nan za a ci shi ba.

Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki, su KTL da UNTL, ga Bompai da Sharada a nan Kano, yaron da ya fito daga foli bai daɗewa a gida. Albashinsa ne ke riƙe mai tuwo da tela da mai gidan haya. Da rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun, duk waɗannan tare suka sha.

Kai kuma Allah ya kai ka inda ake abin a zahiri. Irin masarar nan SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT da manoma ke rububi, ai a cibiyar binciken noma ta nan Samaru aka fitar da su, a bayan ajinku. Amma je ka kasuwar Dawanau ka gani, riɗi da zoɓo tirela-tirela, zoɓon Jigawa har Meziko yake zuwa, sai dai ɗanye muke sayarwa, wasu su sarrafa su kwashe ribar. Ka san tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda maganin ƙwarin da ake zabga masa a sito? Yaron da ya iya auna danshin hatsi, ya iya adana wake a buhu mai ninki uku ba tare da magani ba, wallahi 'yan kasuwa da kansu za su nemo shi, ba sai ya yi ta yawo da takardu ofis-ofis ba.

Don haka ka nemi injin casar shinkafa a Kura ko kamfanin tace riɗi, ko ba za su ba ka ko sisi ba, ka sha ƙurar ka koyi inji da lissafin kaya. Na yi wa kawunka magana zai raka ka ranar Litinin. Kuɗin mota na tura maka, ka duba asusunka, kuma ka kira mamanka tana ta cigiyarka.

Babanka