A riƙa bayyana girman raguwar cuta a rahotannin bincike

Ya Edita,

Ina roƙon wakilanku su yi hattara da rahotannin binciken lafiya masu cewa wani magani ya rage cuta ƙwarai. Ma'aunin ƙididdiga na 0.05 da masu bincike ke dogara da shi wajen cewa magani ya yi tasiri, wanda masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yaɗa tun 1925, abin da yake nunawa kawai shi ne da wuya a ga irin bambancin da aka samu tsakanin waɗanda aka ba maganin da waɗanda ba a ba su ba idan maganin ba ya aikin komai. Bai faɗi girman amfanin ba. A ce masu kamuwa sun ragu daga 2 zuwa 1 cikin 1,000, raguwar rabi ke nan, alhali mutum ɗaya tak ya tsira. Ya kamata a riƙa faɗin yawan waɗanda aka gwada da ainihin adadin da ya ragu.

Naku,
Mai karatu