Dokar Ingila da ta iso kotunan Kamaru

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ja hankalin masu karatu ga wata tsohuwar kalmar shari'a ta Ingila, wato habeas corpus, wadda ma'anarta ita ce umarnin alƙali cewa a kawo wanda aka tsare gabansa, a bayyana dalilin tsare shi. Majalisar Ingila ta ƙarfafa wannan haƙƙi da doka a 1679, kuma dokar bin bahasin laifuka ta Kamaru ta 2005 ta shigar da shi, har ya shafe mu a nan Garwa.

Abin ya dame ni ne domin na ga wata tsohuwa zaune a ƙofar ofishin 'yan sanda da kwanon tuwo a rufe, kwana da kwanaki tana jiran ɗanta, ba ta san tana iya kai kuka wurin alƙali ba.

 

Ina roƙon jaridarku ta riƙa fassara mana irin waɗannan kalmomi da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Garwa