Tambayar da Auta ya yi mini a kan duniyoyin jarumai

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ina fatan sanyin Birmingham bai takura muku ba. Na san ina da laifi a wurinka, domin tun saƙon ta'aziyyar da ka aiko lokacin rasuwar Inna ban zauna na rubuto maka wani abin kirki ba, ga shi har an shiga wata na bakwai. Duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in rasa ta inda zan fara. Abin da ya buɗe mini baki yau shi ne wata tambaya da Auta ya yi mini a daren Juma'ar da ta wuce, wadda na tabbata duk cikin abokaina kai kaɗai za ka gane nauyinta.

Ka tuna kwalin nan na littattafan zane da muka riƙa tarawa daga wurin masu sayar da tsofaffin littattafai tun muna sakandare? Yana nan a ƙarƙashin gadona, gara ta ci gefen waɗansu, waɗansu kuma bangonsu ya rabu da su. Auta ya gano shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga kundin Flashpoint da ka kawo mini tsaraba a zuwanka na ƙarshe. A daren an ɗauke wuta, na fito tsakar gida na tarar da shi kwance a kan tabarmar da Inna take zama tana jan carbi, ya saƙale tocila tsakanin kafaɗa da kumatu yana karatu. Da ya ji motsina bai ko ɗago kai ba, sai ya ce, "Yaya, tunda akwai duniyar da mahaifiyar Flash take raye, ke nan akwai wata duniyar da Inna ba ta rasu ba?" Na daɗe a tsaye kafin in iya cewa uffan. Na ce masa ya bari sai da safe, ni kuwa na kwana ina juya maganar.

Ka san labarin, amma bari in maimaita yadda na sake ganinsa da idon wanda ya yi rashi. A fitowa biyar ɗin nan na 2011, waɗanda Geoff Johns ya rubuta Andy Kubert ya zana, Barry Allen, wato Flash, jarumin nan mai tsananin gudu, ya farka ya tarar da mahaifiyarsa Nora da ranta, alhali an kashe ta tun yana yaro. Sai dai duniyar da ya farka a cikinta ta lalace. Yaƙi ya ɓarke tsakanin mutanen Aquaman da na Wonder Woman har ruwa ya cinye yammacin Turai, Superman yana tsare a ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnati, ya rame kamar kara domin bai taɓa ganin rana ba, sannan a lungun nan na birnin Gotham, inda a labarin asali aka harbe iyayen Batman, yaron ne, Bruce, harsashi ya samu, mahaifinsa Thomas Wayne ya zama Batman mai kisa ba tausayi. Daga ƙarshe Barry ya gane cewa shi da kansa ya jawo wannan duka, lokacin da ya koma baya don ya ceci uwarsa. Na san za ka ce wannan sauya tarihi ne a duniya guda, ba wata duniya ce ta daban da ke jere da tamu ba, kuma kana da gaskiya, amma ga yaro ɗan shekara 13 da ya binne mahaifiyarsa, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wannan ya mayar da ni ga tsohuwar gardamarmu. Kai ka tsaya a kan cewa yawan duniyoyin nan dabarar 'yan kasuwa ce kawai, su sayar maka da jarumi ɗaya sau goma cikin riguna goma, kuma na san har gobe ba za ka sauka daga kan wannan ra'ayi ba, domin ban taɓa ganin ka janye magana ba ko da a kan ƙwallo ne. To, a kan asalin abin na ba ka gaskiya. Flash na farko, Jay Garrick, mai hular ƙarfe da fukafukai, ya fito a 1940, kasuwarsa ta mutu bayan yaƙin duniya, sai kamfanin DC ya ƙirƙiro sabo, Barry Allen, a 1956. Da suka ga masu karatu ba su manta da tsohon ba, sai a 1961, a fitowa ta 123 ta mujallar Flash, Gardner Fox ya rubuta labarin da ya haɗa su, Carmine Infantino ya zana. Barry yana yi wa yara marayu wasa, ya girgiza jikinsa da tsananin sauri, sai ya ɓace daga garinsu ya ɓulla a Keystone City, garin mutumin da shi a saninsa jarumin littafi ne da ya karanta yana yaro. Bayanin da suka bayar shi ne duniyoyin biyu suna zaune a wuri ɗaya, amma kowace da irin saurin karkarwarta. Da nake yi wa Auta bayani, rediyon Baba na ɗauko na riƙa murɗa masa gajeren zango: ga tashoshi birjik a iska ɗaya, ba wadda take jin 'yar'uwarta, sai wanda ya murɗa ya dace da mitar. Nan take ya gane.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1964 suka kawo duniya ta uku, inda jaruman su ne azzalumai, Ultraman a madadin Superman, Owlman a madadin Batman. A duniya ta biyu kuwa, wato ta Jay Garrick, aka bar jarumai suka tsufa kamar kowa: Superman ya yi furfura a gefen kai ya auri Lois Lane, Batman ya auri Catwoman suka haifi 'ya, har ya mutu. Duniyoyi suka yi ta hayayyafa har masu rubutun da kansu suka riƙa ruɗewa, shi ya sa a 1985 Marv Wolfman da George Pérez suka fara Crisis on Infinite Earths, fitowa 12, suka rushe su duka suka bar guda. A fitowa ta 7 Supergirl ta mutu, a ta 8 Barry Allen ya bi ta, kuma ya zauna a mace fiye da shekara 20 kafin a dawo da shi a 2008. Duk da wannan shara, a 2007 sai ga duniyoyi 52 sun dawo. Kamfanin Marvel ma ba a bar su a baya ba, tun 1977 suke da jerin What If, wanda fitowarsa ta farko ta tambayi abin da zai faru da a ce Spider-Man ya shiga cikin Fantastic Four. Lambar nan 616 da suke kiran babbar duniyarsu da ita, a labaran Captain Britain da aka buga nan Ingila inda kake ta fara fitowa a 1983, saboda haka ku ma mazauna can kuna da hannu a cikin abin da kake kushewa.

Inda na rabu da kai, kuma har yanzu ina kan bakana, shi ne abin da marubucin kirki yake yi da wannan dama. Idan ka ɗauke wa jarumi garinsu, ka sauya masa iyaye, ka sauya masa zamani, abin da ya rage shi ne ainihinsa, kuma babu wata hanyar ganin wannan ainihi da ta kai irin waɗannan labarai. Dubi Red Son na Mark Millar, fitowa uku a 2003. Bambancin 'yan sa'o'i aka samu a tafiyar kumbon da ya kawo Superman duniya yana jariri, ƙasa ta juya, maimakon ya faɗa gonar Kansas ta Amurka sai ya faɗa gonar gama-kai a Yukiren zamanin Tarayyar Sobiyet. Ya tashi da guduma da lauje a ƙirjinsa, ya yi wa Stalin aiki, daga baya mulki ya dawo hannunsa. Bai daina ceton mutane ba, har Amurkawa abokan gabarsa yana ceto, domin tausayin yana cikin jininsa. Amma da yake bai samu tarbiyyar da za ta koya masa cewa kowane mutum yana da haƙƙin zaɓa wa kansa ba, sai tausayin ya rikiɗe ya zama danniya, har yana sa a yi wa masu yi masa tawaye aiki a ƙwaƙwalwa don su zama masu biyayya. Na karanta labaran Superman na asali ba adadi, amma sai a wannan littafi na san darajar tsofaffin manoman nan biyu na Kansas da suka raine shi a labarin asali.

Abin ya tuna mini da Gizo. Inna takan yi mana tatsuniya yau a yi wa Gizo dukan kawo wuƙa, gobe ya fito garau a fadar sarki, jibi yana daji tare da kura, kuma ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ya warke ba. Kowace tatsuniya duniyarta daban, abin da yake ɗaure su shi ne wayonsa da kwaɗayinsa da Ƙoƙi da take fama da shi. Hali zanen dutse ne, kuma ina ganin masu rubuta Spider-Man sun fi kowa riƙe wannan. Miles Morales, wanda Brian Michael Bendis da Sara Pichelli suka fito da shi a 2011, yaro ne ɗan Brooklyn, uba baƙar fata uwa 'yar asalin Puerto Rico, kuma ya ɗauki rigar ne bayan Peter Parker, wato Spider-Man na duniyarsa, ya mutu. Gwen Stacy, budurwar Peter, wadda mutuwarta a 1973 ta girgiza masu karatu, ita ce gizo-gizon ya ciza a duniya ta 65 a labarin 2014, Peter ne ya mutu a hannunta. Akwai Pavitr Prabhakar, Spider-Man na birnin Mumbai a Indiya, tun 2004. Fuska ta sauya, gari ya sauya, harshe ya sauya, amma kowannensu akwai wani nasa da ya rasa, kuma rashin ne yake mayar da shi mai ɗaukar nauyin jama'a.

Damuwata, wadda a nan na fi kusa da ra'ayinka, ita ce yadda yawan duniyoyi yake rage wa mutuwa nauyi idan abin ya faɗa hannun marubuci malalaci. A kashe jarumi a wannan wata, a ɗauko kwatankwacinsa daga wata duniya bayan wata shida, a ce wa mai karatu ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Babba zai karanta ya yi tsaki ya wuce, amma yaro mai sabon maraici zai iya ɗauka cewa rashi abu ne da ake gyarawa. Wannan ne ya hana ni barci a daren nan. Har na yi tunanin in kwashe kwalin in kulle a sito, sai na ga cewa tambayar ta riga ta shiga zuciyarsa, kulle littafi ba zai fitar da ita ba.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci na zaunar da shi na ce ya buɗe shafukan ƙarshe, waɗanda bai kai gare su ba. Muka karanta tare inda Barry ya je ya yi sallama da mahaifiyarsa, sannan ya koma ya tare kansa da kansa don kada ya cece ta, yana sane da abin da hakan yake nufi. Muka karanta inda ya kai wa Bruce wasiƙar da Thomas Wayne ya rubuta masa daga duniyar da ta shuɗe, Batman ɗin da ba ya kuka ya cire abin rufe fuskarsa hawaye na zuba. Na gaya masa cewa waɗannan duniyoyi marubuta ne suka ƙirƙira da tawada da takarda, kuma ko su da suka ƙirƙira ba su yarda jaruminsu ya tsere wa rashinsa ba. Na tuna masa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya hana mu cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya umarce mu mu ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata. Na ce masa Inna ɗaya ce, ba ta da kwatankwaci a wata duniya, kuma wurin da muke fatan sake haɗuwa da ita sananne ne, addu'a ce hanyarsa. Ya yi kuka sosai, wanda bai yi irinsa ba ko ranar jana'iza, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Da yamma na gan shi ya yagi takarda daga littafin makarantarsa yana rubuta wa Inna wasiƙa. Ban karanta ba, ban kuma hana shi ba.

Tun daga ranar ya koma zane. Ya ƙirƙiro wani jarumi ɗan acaɓa mai sa rawani ya rufe fuska, ya ce a wata duniyar maƙeri ne, a wata kuma mace ce mai sayar da fura, kuma a kowace yana da ƙane da yake kula da shi. Hannunsa bai faɗa ba tukuna, ƙafafun mutanensa duk sun fi jikinsu tsawo, amma yana da ido wajen tsara shafi. Mutumin nan da muke sayen littattafai a wurinsa ya daɗe da tashi, mai gyaran waya ne a rumfar yanzu, kuma abokan Auta duk ta fim suka san Miles Morales, wanda ya fito a 2018, ba su taɓa riƙe mujallar a hannu ba.

Saboda haka ina da roƙo. Idan ka shiga shagon littattafan zane a can, ka duba mini kundin Red Son, domin nawa wani ya ara bai dawo da shi ba, da kuma kundin da ya ƙunshi labarin Flash na 1961, ko da tsoho ne. Ka haɗa da fensiran zane masu kyau idan babu nauyi a aljihunka, ka ba duk mai tahowa gida kafin babbar Sallah. Ka kuma rubuto mini ra'ayinka a kan ko in bar shi ya karanta Crisis yanzu ko in jira ya ƙara shekara, domin mace-macen da ke ciki suna da yawa kuma ni na kasa yanke shawara.

Baba yana gaishe ka, Auta ma ya ce in gaishe ka da kyau. Ka gaida mini uwargida da yara.

Wassalam,
Naka amini