Rahoton ayyukan bana na ƙungiyarmu ta malaman kimiyya

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa, ga rahoton abin da ƙungiya ta yi bana, a yi mana afuwa ya ɗan makara.

Babban aikin dai shi ne wanda muka yanke a taron farkon shekara, wato shigar da nanoteknoloji, fasahar aiki da abubuwa ƙanana ƙwarai da ake aunawa da nanomita, cikin kulob ɗin kimiyya na makarantunmu na sakandare. Wasunmu sun ce ina mu ina wannan, mu da madubin duba ƙwayar cuta ma sai mun yi aro, kuma fa ba ƙarya suka yi ba, dan nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi guda ya kai wajen nanomita 80,000. Sai muka ce ba dole sai yaro ya ga abin da ido ba, ya ga aikinsa ya yi gardama a kai ma ya isa.

Cikin gwaje-gwajen da muka yi da yara, na ganyen gwaza shi ya fi tashe. Ka zuba masa ruwa sai ya dunƙule ya gangare, ganyen ko jiƙewa bai yi ba. Mun roƙi malamai kar su ba da amsa, aji ya kaure, wannan ya ce maiƙo ne wancan ya ce santsi ne, can wata yarinya ta ce to a murje ganyen da yatsa a sake zubawa mana mu gani, aka murje, ruwa kuwa ya kama wurin. Sai a nan aka yi musu bayanin ƙananan ƙuraje da kakin da ke saman ganyen, su ke riƙe iska ƙarƙashin ɗigon, murzar ce ta lalata su. Wallahi tambayar yarinyar nan ta fi mana duk wani nos da muke kwafa a allo. Cokalin da aka kanga a harshen kyandir ya yi baƙi shi ma haka yake korar ruwa.

Mun kuma yi na fensir da salatif, a manna a ɓare, dan da irin wannan dabarar Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ciro girafin, wato shimfiɗar baƙin cikin fensir mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, a Jami'ar Manchester a 2004, har suka ci kyautar Nobel a 2010. Mun dai faɗa wa yara gaskiya, namu bai kai nasu siranta ba.

Matsala kuwa akwai. Wasu shugabannin makarantu sun hana mu lokaci wai abin ba ya fitowa a jarabawa, makarantun ƙauye kuma ba mu leƙa ba saboda kuɗin mota, asusu ya yi ƙasa. Baɗi in Allah ya kai mu da su za mu fara, dan Allah wanda bai biya kuɗin wata ba ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Naku, sakataren ƙungiya.