Kitsen uwa ba shi ke kawo tagwaye ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu kiwon awaki da tumaki a cikin gida, musamman iyayenmu mata na birnin Kano, kan wani kuskure da ke cin dukiyarmu ba mu ankara ba.

Idan mutum ya shiga kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku neman burguma ko kazganya da zai ajiye ta hayayyafa, sai ka ga idonsa yana kan wadda ta fi kitse, kamar ragon layya ya je saye. Ni ma na taɓa yin haka. Na turke wata tunkiya 'yar Balami, na dinga ɗura mata dusa da kowar wake, ina murnar za ta ba ni tagwaye, amma sai ta jima ba ta ɗauki ciki ba, da ta zo haihuwa kuma ɗa guda ta haifa da ƙyar, hantsarta ba nonon kirki. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin da hannuna na cuce ta.

Likitocin dabbobi suna auna jikin dabba daga 1 zuwa 5, ta hanyar shafa gadon baya daga inda haƙarƙari ya ƙare. Wadda take 1 ƙashi ne da fata, wadda take 5 kuwa kitse ya binne ƙashin bayan har yatsa ba ya jin sa. Abin da ake so lokacin barbara shi ne wajen 3. Ramammiya sau da yawa ƙwan haihuwa guda take saki, wani lokaci ma ba ta neman namiji, mai kitsen da ya wuce kima kuwa tana wahalar ɗaukar ciki da naƙuda, kuma kitsen da ya taru a hantsarta tun tana ƙarama yana rage mata nono.

Abin da yake ƙara damar tagwaye shi ne a ƙara wa dabba mai matsakaicin jiki harawa da dusa mako 2 zuwa 3 kafin a haɗa ta da rago ko bunsuru. Kada kuma a bari a barbare ta kafin ta kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyin babba, abin da ke yawan faruwa a unguwanninmu saboda sakin dabbobi a titi. Cikin nata kimanin kwana 150 ne, kuma a mako 6 na ƙarshe 'ya'yan suka fi girma, don haka nan ne ya kamata a kashe kuɗin abinci. Haihuwar fari dai sau da yawa ɗa guda ce, ko a jar akuya da aka sani da tagwaye, saboda haka kada a yi gaggawar kai ta kasuwa.

Ina kira ga KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, da masanan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, Zariya, da su kawo wannan bayani gidajen rediyon Kano da Hausa, kuma malaman gona su shiga unguwanni su nuna wa mata yadda ake shafa bayan dabba.

Naka,
Wani mai kiwo daga Unguwa Uku, Kano.